Baƙin Man Jirgi Da Ran Fasinja

Ni ɗan tudu ne. Ruwan da na fi sani shi ne gulbin Rima, wanda nake tsallakawa ta gadar Kwalkwalawa kan hanyar jami'a. Amma a bara ta'aziyya ta kai ni wani ƙauye bayan Yawuri, na shiga babban jirgin 'yan kasuwa mai inji girke a cikinsa. Muna tsakiyar kogin Kwara injin ya yi tari ya mutu, ruwa ya soma jan mu a karkace. Da matuƙin ya zaro sandar awon mai, sai na ga man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono. Na tambaye shi yaushe rabon da a yi juye, ya ce tun kafin damina. Da sanduna da filafilai muka kai gaɓa.

Na dawo Sakkwato na tuntuɓi wani bakanike a kan abin da na gani. Farin nan, in ji shi, alama ce ruwa ya shiga mai, kuma man da ya sha ruwa ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Wahalar juyen injin jirgi ita ce yana zaune a ƙasan ciki, hannu ba ya kai wa ga noti na ƙasa kamar na mota. Sai a tayar da shi ya ɗumama don man ya tsinke, a zura siririn tiyo ta ramin sandar awo, a zuƙe tsohon man da famfo, a sauya matatar mai, a zuba sabo, a sake tayarwa a duba yoyo. Masu ƙera irin waɗannan injuna da yawa suna cewa a yi haka bayan aikin awa 100, ko sau ɗaya a shekara. Jirgin da ke cin kasuwa uku a mako ba zai jira shekara ba. Tsohon man kuma a jarka ake fita da shi, domin kogin nan shi ake sha, shi ake su.

Bayan hatsarin Wara na watan Mayun 2021, da na Shagari na Afrilun 2022 inda mutum 29 suka rasu, an yi ta magana a kan lodi fiye da kima da rashin rigar ceto, kuma maganar tana kan hanya. Sai dai mota in ta mutu sai a gangara gefen titi, jirgi kuwa ba shi da gefe. Ba na zargin matuƙa da ganganci kaɗai. Galan na baƙin mai ya yi tsada, ga na jabu a kasuwa. Abin da nake roƙon hukumar NIWA da sarakunan ruwa shi ne kowane jirgi mai inji ya riƙe ɗan littafi na ranar juye, a riƙa duba shi a mashiga kafin a fara lodi.