Awon Yaɗuwar Bincike Tsakanin Fannonin Ilimi ta Hanyar Ambato: Misali Daga Suleja

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda masana ke auna nisan da bincike ya yi daga fannin da aka yi shi zuwa wasu fannoni, sannan ta gwada ma'aunin a kan wani littafi na tarihin Suleja. Abin da ake ƙirgawa shi ne ambato, wato duk inda marubuci ya kafa hujja da aikin wani, ya kuma sanya shi cikin madogararsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin hadisi, sai dai isnadi baya yake komawa neman asali, shi kuwa awon ambato gaba yake bi don ganin inda magana ta kai.

2.0 Yadda Ake Awon

Eugene Garfield, mutumin Amurka, shi ya kawo shawarar kundin ambato a 1955, kuma a 1964 cibiyarsa da ke Filadelfiya ta fitar da Science Citation Index. Na kimiyyar zamantakewa ya biyo baya a 1973, na adabi da fasaha a 1978. Scopus da Google Scholar sun bayyana a 2004.

Yawan ambato kaɗai ba ya nuna yaɗuwa. A ce maƙala ta sami ambato 50, amma duk daga masana ginin jimla, to ba ta ƙetare zauren gidansu ba. Saboda haka akan ware wa kowace mujalla fanninta, sai a duba fannonin mujallun da suka yi ambaton. A 2007 Andy Stirling na Jami'ar Sussex ya tsara ma'aunin bambanci mai la'akari da abu uku: yawan fannonin, daidaiton rabo a tsakaninsu, da kuma nisan da ke tsakanin wannan fanni da wancan. Na ukun ya fi muhimmanci, domin tsallakawa daga tarihi zuwa likitanci ba ɗaya take da tsallakawa daga tarihi zuwa siyasa ba.

3.0 Misalin Suleja

Garin da ake kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ɗan'uwan Makau Sarkin Zazzau na Haɓe, ya kafa a 1828. Malam Hassan, wanda ya zama Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin masarautar da al'adunta da Hausa. Frank Heath ya fassara aikin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. M. G. Smith, masanin halayyar al'umma, ya dogara da shi ƙwarai a littafinsa Government in Zazzau na 1960, inda ya yi amfani da tsarin sarautun Abuja wajen fito da siffar mulkin Zazzau kafin jihadi. Ta hannun Smith bayanin ya isa ga masana siyasa da tarihi a ƙasashe da dama.

To, a nan ne ma'aunin ke yin tuntuɓe. Wanda ya karanta Smith, Smith zai ambata, ba Malam Hassan ba, duk kuwa da cewa daga gare shi aka ɗebo ruwan. Robert Merton ya daɗe da lura da irin wannan: idan ilimi ya narke cikin aikin wasu, sai sunan mai shi ya ɓace. Waɗanda ma suka koma ga tushen, wani da Hassan yake fara madogarar, wani da Na'ibi, wani da Heath, sai ƙirga ta rabu gida uku. Ga kuma sunan Abuja da aka ba sabon babban birnin tarayya bayan dokar 1976, wanda ke cakuɗa mai neman tsohon gari da rubuce-rubucen sabo.

Abin da ya fi damuwa shi ne, manyan kundayen sun fi karkata ga mujallun Ingilishi, kuma ba su kama littattafai yadda ya kamata. Mujallun da ake bugawa da Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato akasari ba sa cikinsu, alhali jami'o'i da dama na duba waɗannan kundaye wajen ƙarin girma. Malamin da masana tarihi da na magungunan gargajiya suka amfana da bincikensa na Hausa yana iya zuwa gaban kwamiti a ga ƙirgarsa ba ta taka kara ta karya ba.