Ciniki ta Waya: Daga Kantin Kwari Zuwa Hannun Mai Saye

Shirinmu na yau zai leƙa Kantin Kwari da ke Kano, mu ga yadda ake saye da sayarwa ta kafofin sada zumunta.

Da can akan ce kasuwa a kai miki dole. Yanzu kuwa yaron shago ne zai warware turmin atamfa a bakin ƙofa, ɗan'uwansa na ɗaukar bidiyo. Kafin la'asar an biya, an ɗaure kaya, an kai tasha, direba ya nufi Yola ko Maraɗi da su. Hajiyar da ta saya ba ta taɓa ganin mai shagon ba. Amana ce kaɗai ke riƙe da wannan ciniki, kuma a ganina ta fi yawan mabiya amfani nesa ba kusa ba.

Daga hoto amanar take farawa. Fitilar shago tana ɓata launi, sai shadda ruwan toka ta fito kamar shuɗiya. Fito da ita hasken rana. Nuna bakin yadin, nuna tambarin kamfani, ka murza ta kusa da waya a ga nauyinta da sheƙinta. In akwai tabo, nuna shi ka rage kuɗi. Wanda ya ɗora hoton kayan wani, sannan ya aika da abin da bai kai shi ba, ya ci ribar yau, amma Hajiya za ta ba da labarinsa a gidan biki.

Sai farashi. Don Allah a daina cewa "mai so ya biyo ni ta ciki". Da yawa kunyar tambaya suke ji, sai su wuce. Rubuta kuɗin, da na mota.

Tun 2018 aka fito da WhatsApp Business, wanda ke ba ka damar jera kaya da farashinsu, da amsa sallamar mai saye ko kana masallaci. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka hotuna kaɗan masu kyau kullum sun fi tulin da ba mai haƙurin kallo. Wanda karatu ke yi wa wuya, yi masa saƙon murya.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa mutane tura kuɗi, ya kuma buɗe wa masu alat na bogi ƙofa. Kada kaya su bar shago sai ka duba asusunka da idonka.

Sannan shafinka na sada zumunta aro ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke kimanin awa shida. A watan Yunin shekarar gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Saboda haka, ɗan kasuwa, nemi izinin abokan cinikinka ka rubuta lambobinsu a littafi. Kuma duk wanda ya kira ka yana neman lambobi shidan da WhatsApp ya turo maka, kashe wayar, ɓarawon shafi ne.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, a huta lafiya.