Ko Ka San Injin da Ya Karɓe Aikin Tumaki a Filin Golf?

Ko ka san akwai ciyawar da ake yi wa aski kusan kowace safiya, ana bar mata tsawon milimita 3 zuwa 4 kacal, amma maimakon ta mutu sai ƙara cika take yi? Ita ce ciyawar da ke kewaye da rami a filin golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Mai kallo a talabijin zai iya rantsewa ta roba ce. Ciyawa ce mai rai, tana shan ruwa tana cin taki, kuma sirrin kyanta yana wurin wani inji da ya kusa cika shekara 200 da ƙerawa.

Fili ɗaya, aski iri-iri

Cikakken filin golf yana da ramuka 18, adadin da ya samo asali daga filin St Andrews na Sikotlan a 1764. Kowane rami yana da doguwar hanya da ake bi da ƙwallo, wadda ake aske ciyawarta zuwa wajen milimita 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a mako. A gefenta akan bar ciyawa ta yi tsawo don ta wahalar da wanda bugunsa ya karkace. A ƙarshen hanyar akwai dandali mai sulɓi da 'yan wasa ke kira girin, inda ramin yake, faɗinsa milimita 108. Nan da can kuma akwai kwaruruwan yashi da aka haƙa da gangan don su zama tarko. Dandalin nan shi ya fi ko'ina cin aiki, domin a kansa ake gangara ƙwallo a ƙasa, kuma ɗan tudun da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya kautar da ita daga rami.

Kafin inji, tumaki

A bakin tekun Sikotlan aka fara wasan, a kan ƙasa mai yashi da ba ta da amfanin noma sai kiwo. Tumaki da zomaye su ke aske filin, don tunkiya tana cin ciyawa har kusa da ƙasa, ta bar taki a bayanta. Ana ma cewa kwaruruwan yashi na farko tumaki ne suka fafe su, wajen laɓewa daga iskar teku, sai iska ta ƙara faɗaɗa su. Inda ake son sumul fiye da haka sai a kira masu dogon lauje, su fito da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, domin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta fi tsayawa wa lauje.

A 1830 wani injiniya mai suna Edwin Budding, a garin Stroud na Ingila, ya yi rajistar injin aske ciyawa na farko. A masaƙa ya samo dabarar. Ya ga wani inji mai ganga da murɗaɗɗun wuƙaƙe yana share gashin da ke tasowa a kan yadin ulu bayan an saƙa, sai ya ce abin da ya aske yadi zai aske fili. Injinsa na ƙarfe ne, faɗinsa inci 19, ana tura shi daga baya. Rolar da ke birgima a ƙasa ita ke juya gangar wuƙaƙe ta hanyar haƙoran giya. Ɗaya daga cikin na farko ya tafi gidan namun daji na Landan, kuma a 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara ƙera shi. Budding ɗin nan shi ake danganta wa sifanar nan mai buɗe baki da tsukewa da ke cikin akwatin bakanike.

Da aka yi manyan injuna sai aka ɗaura wa dawakai, har ana saka musu takalman fata don kada kofato ya ɓata fili. A 1902 Ransomes ya fito da mai amfani da fetur. Yau kamfanoni irin su Toro da John Deere da Jacobsen ke ƙera su, wasu da batir suke aiki, amma yadda suke yanka bai sauya daga na Budding ba.

Yadda yake yanka

Injin yankan ciyawa da aka saba gani a harabar ma'aikatu da makarantu wuƙa ɗaya gare shi, tana juyawa a kwance tana sarar ciyawa da ƙarfin gudu. Sara ne, kuma yana barin kan ganye a yage. Na filin golf daban yake. A gabansa akwai ganga mai murɗaɗɗun wuƙaƙe, na dandali kan kai 11 zuwa 14, a ƙarƙashinta kuma akwai wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ba ta motsi. Ganga na juyawa, kowace wuƙa na tattaro ganye tana kawo shi bakin ta ƙasa, su datse shi a tsakaninsu kamar yadda almakashin tela ke yanka yadi. Ganyen da aka datse haka yana warkewa da wuri, ba ya zubar da ruwa da yawa, cuta kuma ba ta samun ƙofar shiga.

Saboda haka rabin aikin yana garejin bakanike. Yakan ɗauki siririyar takarda ya zura tsakanin ganga da wuƙar ƙasa, ya juya gangar da hannu a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan. In takardar ta yanke sumul a ko'ina, inji ya shirya. In ta lanƙwashe ko ta yage a wani wuri, sai a sake saiti, ko a shafa wani man washi mai gari-gari a juya gangar da baya har bakin ya dawo. Tsawon askin kuma ba da ido ake ƙiyasta shi ba: da ma'auni ake saita rolar gaba, ana lissafin abin da bai kai milimita ɗaya ba.

Rolar nan ce ke zana ratsi-ratsin da ake gani a filin golf da na ƙwallon ƙafa. Ba fenti ba ne, ba kuma ciyawa iri biyu ba ce. Inji ya tafi, ya kwantar da ganye ta gaba. Ya dawo, ya kwantar da na kusa ta baya. Wanda ya kwanta yana kallonka sai ya yi duhu, wanda ya ba ka baya sai ya yi haske.

Ciyawar da manomi ke yaƙi da ita

Me ya sa ciyawar dandali ba ta mutuwa duk da askin nan? Ciyawa daga gindi take tsiro, ba daga kai ba, shi ya sa kiwo ba ya kashe ta. In ana datse ta a kai a kai, sai ta daina neman sama ta koma yaɗo. Sharaɗi ɗaya ne masu aikin ke kiyayewa: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski guda. Wanda ya bar ciyawa ta yi tsawo sannan ya kwashe ta lokaci ɗaya zai wayi gari da fili jajawur.

A ƙasashe masu zafi, ciyawar da aka fi dasawa ba baƙuwa ba ce ga manomin fadama a Jega ko Giwa Tazo, balle mai lambun albasa a Aliero. Kirikiri ce. Duk wanda ya taɓa fama da ita a kwamin albasa ya san halinta: ka tuge ta, guntun jijiyar da ya saura a ƙasa ya sake tsirowa. Abincin wani gubar wani. Wannan taurin kan shi ya sa ta jure zafi da tattaki da askin yau da gobe. A tashar binciken noma da ke Tifton, jihar Jojiya ta Amurka, masanin tsirrai Glenn Burton da abokan aikinsa sun haɗa kirikiri da wata 'yar'uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu. Daga wannan tasha aka sami nau'o'in ciyawa irin su Tifgreen a 1956, Tifway a 1960 da Tifdwarf a 1965. Waɗannan ba sa yin iri mai tsirowa, sai dai a dasa yankan yaɗonsu.

Babban gyaran shekara

A Turai da arewacin Amurka, da sanyi ya ja da baya a watan Maris da Afrilu, ciyawa ta farka, sai a shiga babban gyara. Ka'idar ita ce a yi wa ciyawa aiki mai tsanani lokacin da take da ƙarfin warkewa. A ƙasar Hausa wannan lokaci shi ne farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni, domin kirikiri takan yi sanyin jiki da hunturu, sai ɗumi da ruwa sun haɗu take zabura.

Aiki na farko huda ƙasa ne. Tattakin mutane da nauyin injuna suna danƙare ta har iska da ruwa su kasa kaiwa ga saiwa. Sai a kawo wani inji mai jerin bututun ƙarfe masu kaurin yatsa, yana tafiya yana soka su santimita 5 zuwa 10, yana zaro curin ƙasa yana zubarwa. Dandalin da jiya yake sumul sai ya koma huji-huji. A kwashe curin, a baza yashi, a share shi da buroshi har hujin ya cika. Cikin mako biyu ko uku ciyawa ta rufe. Akwai kuma injin da wuƙaƙensa ke tsaye, yana tsaga fili yana fitar da matattun ganye da jijiyoyi da suka taru a gindi, waɗanda in an bar su sai su riƙe ruwa su jawo cuta. Baza yashi tsohuwar dabara ce da Tom Morris, mai kula da filin St Andrews daga wajen 1865 zuwa 1903, ya yi suna da ita.

Kwarin yashi ma yana samun rabonsa. A gyara bakinsa inda ciyawa ta kutsa, a tsince duwatsu, a buɗe bututun da ke janye ruwa, a soka ma'auni a tabbatar yashin ya kai wajen santimita 10 a tsakiya, sannan a bi shi da manjagara. Ba kowane yashi ake so ba. Mai mulmulallun ƙwayoyi yana haɗiye ƙwallo, mai kusurwoyi kuwa yana riƙe juna ƙwallo ta zauna a sama.

In an gama, sai a gwada aikin da wata sanda mai kwari a tsakiya, Stimpmeter, wadda Edward Stimpson ya ƙirƙira a 1935. A ɗora ƙwallo a kanta, a ɗaga gefe guda har ta gangaro da kanta, a auna ƙafa nawa ta yi a kan dandali. A manyan gasa takan yi ƙafa 12 ko fiye.

Inda ruwa ya yi wuya

Golf ya shigo Arewa tun zamanin Turawa: akwai filin Rayfield na Jos tun 1913, na Kaduna tun 1921, ga kuma na Kano da Zariya. Amma a ƙasar da ke yin wata bakwai ko fiye babu ruwan sama, raya dandali kore aiki ne ja. Shi ya sa filaye da dama a Afirka ta Yamma suka daɗe suna amfani da dandalin yashi, wanda ake kira birawun: a tankaɗe yashi, a cuɗa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe, a daddaɓe. Kafin ɗan wasa ya buga, sai a ja wani guntun kafet daga ƙwallo zuwa rami don a shafe sawu. Filin Wagadugu a Burkina Faso ya yi suna da irin wannan. Da babu gara ba daɗi, sai dai baƙin mai guba ne ga ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta.

Ko da golf ba ya cikin lissafinka, ilimin nan yana da amfani ga filayen ƙwallon makarantu da na ƙananan hukumomi da ke komawa ƙura kowace rani. Mai kula da irin wannan fili ya dasa yaɗon kirikiri da farkon damina, ya huda ƙasa ko da cokalin noma ne, ya baza yashi da ruɓaɓɓen taki, ya riƙa wasa wuƙar injinsa, ya yi aski kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. In ya kiyaye waɗannan, ya kuma sami ruwan ban ruwa da rani, yara za su buga ƙwallo a kan ciyawa duk tsawon shekara.