Me ya sa wasu manhajoji ke ƙin karɓar sunan Mu'azu?

A Makango, bakin tafkin Volta, inda jirgin fito ke kai mutane da motoci zuwa Yeji, ciniki da yawa ya koma cikin waya. Mai busasshen kifi tana karɓar kuɗinta ta *170#, lambar MoMo ta kamfanin MTN, tsarin da ya fara aiki a Ghana a 2009. Mai doya yana sabunta katin inshorar lafiyarsa ta *929#, hanyar da aka ƙaddamar a ƙarshen 2018, ba sai ya hau mota zuwa Salaga ba.

Duk wanda ya danna irin waɗannan lambobi tambaya ya aika: nawa ya rage min, ko katina ya ƙare? Wayar ba ta da amsar. Amsar tana cikin wani rumbun bayanai da ke kan wata babbar kwamfuta a nesa, kuma akwai manhajar da ke tsaye tsakani, tana kai tambaya tana dawo da amsa. Harshen da galibin manhajoji ke yi wa irin wannan rumbu magana da shi sunansa SQL. Yadda mai rubuta manhaja ya tsara wannan magana shi ke tabbatar da ko lissafin mutum zai fita daidai, ko sirrinsa zai tsira, har ma ko za a karɓi sunansa yadda iyayensa suka raɗa masa.

Mene ne rumbun bayanai?

Wanda ya taɓa ganin littafin bashi na mai shago ya riga ya fahimci rabin maganar. A ce wani dillalin kifi a Makango yana da abokan ciniki a Salaga, Yendi da Bawku. A shafi ɗaya ya rubuta sunayensu da garuruwansu, ya ba kowa lamba. A wani shafin yana rubuta kayan da aka ɗauka, da rana, da kuɗi, amma a gaban kowane ciniki lambar mutumin yake sawa. Idan yana son sanin bashin wani, sai ya haɗa shafukan biyu ta wannan lamba.

Wannan shi ne tsarin da Edgar Codd, wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya bayyana a 1970: a ajiye bayanai cikin jadawali daban-daban, kowane layi da lambarsa, a riƙa danganta su da juna. A 1974 wasu ma'aikatan kamfanin biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da za a riƙa yi wa jadawalan tambaya, wanda daga baya aka sani da SQL. An tsayar masa da ƙa'ida a Amurka a 1986, sannan a matakin duniya a 1987.

Amfanin lambar ya fi fitowa fili a garuruwan kan iyaka. Bawku tana kusa da Togo da Burkina Faso. Mutum ɗaya zai iya zama Mohammed a takardar Ghana, Mahamadou a takardar da aka rubuta da Faransanci, Mamman kuma a bakin 'yan unguwa. Idan da suna ake neman sa, kwamfuta za ta ɗauka mutum uku ne. Lambar ce ke riƙe shi a matsayin mutum guda, kamar yadda lambar katin ɗan ƙasa na Ghana ke yi.

Yadda manhaja ke yin tambaya

Aikin yana bin matakai huɗu. Da farko manhajar za ta nemi haɗi da rumbun, ta gabatar da sunanta da kalmar sirrinta. Na biyu, ta aika tambayar a rubuce. Na uku, rumbun ya bincika ya maido da layukan da suka dace, manhajar ta karanta su ɗaya bayan ɗaya ta nuna a fuskar waya. Na huɗu, ta saki haɗin domin wani ya samu. Idan mai rubuta manhaja ya manta da matakin ƙarshe, haɗe-haɗen za su taru har rumbun ya daina amsa kowa, kamar rijiyar da kowa ya zura guga ya tafi ya bar ta a ciki.

Ita kanta tambayar ga yadda take, idan dillalin nan yana son ganin masu bashi a garinsa:

SELECT suna, bashi FROM abokan_ciniki WHERE gari = 'Makango';

Kalmomin da ke da manyan baƙaƙe na Ingilishi ne, kuma ba su da yawa. Ma'anar jimlar ita ce: zaɓo suna da bashi daga jadawalin abokan ciniki, inda gari ya zama Makango. Akwai wasu umarni uku da ake yawan amfani da su: INSERT na ƙara sabon layi, UPDATE na gyara wanda ke akwai, DELETE na sharewa.

Wannan harshe yana kusa da mutane fiye da yadda ake zato. Kowace wayar Android ko iPhone tana ɗauke da wani ƙaramin rumbu mai suna SQLite, wanda Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000. Hukumar lafiya ta Ghana kuma tun 2012 take tattara alƙaluman asibitocin gundumomi a DHIMS2, wanda aka gina kan manhajar DHIS2 ta jami'ar Oslo a ƙasar Norway, ita kuwa a rumbun PostgreSQL take ajiye bayananta. Ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya da Nijar, suna aiki da wannan manhaja.

Inda sunan Mu'azu ke shigowa

A jimlar da ke sama, kalmar Makango tana tsakanin wasu 'yan alamomi biyu da ke rataye a sama. A SQL, alamar farko tana nufin "rubutu ya fara", ta biyu tana nufin "rubutu ya ƙare". To ita wannan alama dai ita ce Hausawa ke sawa a matsayin hamza a Mu'azu, Sa'adatu, A'isha da Isma'ila. Ita ce kuma ke cikin N'Djamena, N'Guigmi da Côte d'Ivoire.

Mai rubuta manhaja da ya yi gaggawa yakan ɗauki abin da mutum ya rubuta a gurbin suna ya liƙa shi kai tsaye cikin jimlar. Sai ta koma haka:

SELECT bashi FROM abokan_ciniki WHERE suna = 'Mu'azu';

Rumbun zai karanta Mu, ya ga alamar, ya ɗauka sunan ya ƙare. Sauran baƙaƙen sai ya ɗauke su a matsayin umarni, bai kuwa san wani umarni azu ba, sai ya ƙi aikin. Abin da ma'aikaci zai gani shi ne saƙon kuskure, abin da zai gaya wa mai sunan kuwa shi ne a cire alamar a rubuta Muazu.

Wannan ya shafi zangunan arewacin Ghana kai tsaye. Tun zamanin da fataken goro daga Kano da Katsina ke sauka a Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, irin waɗannan sunaye suka zauna a yankin.

Sai dai ɓata suna shi ne ƙaramar asarar. Manhajar da ke tuntuɓe da sunan Mu'azu ta nuna cewa duk abin da aka rubuta a gurbin suna yana iya zama umarni. Mai kutse zai sa alamar da gangan, ya rufe rubutun, ya ƙara nasa sharaɗin, misali "ko kuma inda 1 daidai yake da 1". Tunda wannan sharaɗi gaskiya ne a kowane layi, rumbun zai zubo masa bayanan kowa da kowa. Idan manhajar tana da izinin sharewa, zai iya share jadawali sukutum.

An bayyana wannan dabara a fili tun 1998, amma har yanzu tana cin mutane. Da ita aka shiga kamfanin Heartland Payment Systems na Amurka, kutsen da ya shafi katunan banki fiye da miliyan 100 aka kuma sanar da shi a farkon 2009. Da ita aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a 2015, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000 a shekarar da ta biyo.

Maganin ba shi da tsada

Gyaran layi ɗaya ne. Maimakon a liƙa sunan cikin jimlar, sai a bar masa gurbi:

SELECT bashi FROM abokan_ciniki WHERE suna = ?;

Manhajar za ta miƙa jimlar daban, ta miƙa sunan daban. Rumbun ya riga ya san tsarin tambayar, don haka duk abin da ya zo a gurbin alamar tambaya zai ɗauke shi a matsayin suna kawai, ko da hamza goma ke cikinsa. Manyan harsunan rubuta manhaja, irin su Python, Java da PHP, duk suna da wannan hanya. Da ita an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: Mu'azu ya shiga da cikakken sunansa, mai kutse ya tarar da ƙofa a kulle. Manhajar da ta zaɓi hana alamar gaba ɗaya ta ɗora wa mai suna laifin da ba nasa ba.

Akwai wata matsala mai kama da wannan. Tsohon tsarin baƙaƙe na yammacin Turai ya san é da ç na Faransanci, amma bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Rumbun da aka kafa a kansa yakan mai da Ɗanladi ya koma ?anladi. Maganinta shi ne a kafa rumbun, da haɗin da ke tsakaninsa da manhaja, a kan tsarin UTF-8 tun ranar farko.

Ko duka, ko babu

Abu na ƙarshe ya shafi kuɗi. Idan aka tura sidi 500 daga Makango zuwa Bawku, rubutu biyu za a yi: a rage 500 a asusun mai aikawa, a ƙara 500 a na mai karɓa. Idan na'urar ta tsaya bayan na farko kafin na biyu, kuɗin ya fita bai isa ba. Don haka ake ɗaure rubutun biyu wuri ɗaya. Manhaja ta sanar da rumbu cewa aiki ya fara, ta yi su duka, sannan ta ba da umarnin COMMIT, wato a tabbatar. Idan wani abu ya faru a tsakani, umarnin ROLLBACK zai mai da komai yadda yake. Dillalin kirki ma ba ya goge bashi a littafi sai kuɗi ya shiga hannu.

Haka nan bai kamata a ba kowace manhaja mabuɗin komai ba. Wadda aikinta nuna saura ne, izinin karantawa ya ishe ta.

Abin da ya rage ga jama'a

Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane su tsare su, ta kuma ba mutum 'yancin neman a gyara abin da aka rubuta ba daidai ba a kansa. Wanda aka ɓata wa suna a rajista yana da hurumin komawa ya nemi gyara. Zai fi masa sauƙi ya yi hakan da wuri, kafin takardar makaranta, katin ɗan ƙasa da asusun waya su ɗauki sunaye uku mabambanta.

Ga matasan Salaga, Yendi da Bawku masu sha'awar wannan sana'a, ƙofar a buɗe take. Harshen Python kyauta ne, yana zuwa da SQLite a cikinsa, kuma da zarar an sauke shi ana iya koyo a tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba. Ƙungiyar adashe, makarantar Islamiyya ko shagon magani duk wurare ne da za a fara gwaji. In an gama rubuta manhajar, gwajin farko da ya kamata a yi mata shi ne a shigar da sunaye uku: Mu'azu, Ɗanladi da 'Yar Shehu, a ga ko za su fito yadda aka shigar da su.