Gudummawar da Ba Ta Jiran Likkafani

Idan aka yi rasuwa a Zangon Parakou, ba a neman wanda zai tsara komai. Kafin hantsi an sayo likkafani, samari sun nufi maƙabarta da diga da shebur, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun ɗora tukwane. Haka abin yake a Djougou. Ranar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in kuwa, har daga Kwatano da Kandi da Malanville za ka ga an zo, kowa da abin da zai miƙa. Wannan hali ne mai kyau, ba kowace al'umma Allah ya ba irinsa ba. Sai dai sau da yawa mamacin nan ya yi wata huɗu ko biyar a kwance, matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, ɗansa ya bar makaranta ya hau zem, wato babur ɗin haya, yana ɗaukar fasinja. Da rabin abin da aka tara ranar gaisuwa ya shigo hannunsu a makon farko na ciwon, da wataƙila labarin ya sha bamban. Rai na Allah ne, babu musu. Amma takardar magani da sefa ake biyanta.

Mu dubi ciwo guda ɗaya, shanyewar ɓarin jiki, wanda hawan jini ke yawan jawowa. A 2013 Farfesa Thierry Adoukonou, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Parakou, tare da abokan aikinsa, sun wallafa bincike kan abin da mai wannan ciwo ke kashewa a babban asibitin Borgou. Matsakaicin kuɗin ya haura sefa 300,000. Wannan na kwanciyar asibiti ne kawai, ban da abin da zai biyo baya a gida. Albashi mafi ƙanƙanta a Jamhuriyar Benin tun Janairun 2023 sefa 52,000 ne, ke nan ko da kuɗin magani bai tashi ba tun wancan lokaci, albashin wata shida ne cur ba a ci ko loma ba. Mutanen zango kuma galibinsu ba 'yan albashi ba ne. Mahauci ne, mai cacanga, wato gasasshen nama, ne a bakin titi, dillalin shanu ne a Guéma, mai tebur ne a kasuwar Arzèkè, direban tirela ne. Ranar da ya kwanta, ranar shigowar kuɗi ta tsaya.

Wanda bai taɓa jinya ba yana zaton wahalar ta mara lafiya ce shi kaɗai. Ya je ya zauna a barandar kowane babban asibiti na yankin nan da yamma ya ga masu jinya. Mace ce yawanci, mata ko ƙanwa ko 'ya. Tabarmarta na naɗe a jikin bango, ga buta, ga bokiti, ga kular abinci, ga leda cike da rasit da takardun gwaji da take riƙewa kamar ranta. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke zubar da fo. Likita ya zagayo da safe ya rubuta ordonansi, wato takardar magani, sai ta tashi: wurin biyan kuɗi, kantin magani, idan babu a ciki a fita gari. Ledar ƙarin ruwa, sirinji, safar hannu, auduga, kowanne da kuɗinsa. Takardar a rubuce take da Faransanci, ita kuwa Hausa da Dendi take ji. Mai kanti ya lissafa ya ce jaka goma sha takwas, wato sefa 18,000, a ɗaurin zanenta jaka bakwai ne. Sai ta ce a ba ta na jaka bakwai, shi ya zaɓa mata. A wannan wuri ne magani ke karyewa, ba a ɗakin tiyata ba, kuma babu wanda zai ji labari a masallaci, domin idan aka tambaye ta ya mai jiki, cewa za ta yi da sauƙi, alhamdu lillahi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne garuruwan nan biyu a kan kula da baƙo aka raya su. Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, babban zango ce a kan hanyar goro daga Gwanja zuwa Kano da Sakkwato. Ayarin jakuna kan sauka a unguwar Wangara, nesa kaɗan da Kilir inda fadar sarki take. Madugu na da alhakin mutanensa a hanya, a gari kuma mai masauki ne uban baƙo: ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan ya ci bashi ko ya shiga matsala. Sarkin zango na saman su. Ba tausayi kawai ba ne, tsari ne wanda kowa ya san wa ke da alhakin wa. Da layin dogo ya iso Parakou daga Kwatano a 1936, jakuna suka ba wa jirgi da manyan motoci wuri, garin ya zama mashigar kayan Nijar. Tun bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, da gadar Malanville da Gaya ta rufe, direbobi da 'yan kamasho da masu lodi sun ji a jikinsu. Aljihun da a da mutum ɗaya zai zura hannu ya biya wa maƙwabci kuɗin tiyata ya yi sauƙi. Dole nauyin ya rabu a kan mutane da yawa, rabon nauyi kuwa ba ya yiwuwa sai da tsari.

Kafin a fara yawo da faranti, akwai haƙƙin da mara lafiya yake da shi a wajen hukuma, kuma mu mutanen zango mun fi kowa sakaci da shi. Tun Afrilun 2009 gwamnatin Benin ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a asibitocin da ta amince da su. A 2011 aka ƙara da maganin zazzabin cizon sauro kyauta ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A wannan shekarar ce Shugaba Boni Yayi ya ƙaddamar da inshorar RAMU, wadda ba ta yi nisa ba. Gwamnatin Patrice Talon ta zo da shirin ARCH, da aka fara gwada ɓangarensa na lafiya a 2019 a yankuna uku kacal, ɗaya daga cikinsu Djougou da Copargo da Ouaké ne. Wanda aka tantance a matsayin mai tsananin talauci ana duba shi kyauta a kan jerin cututtukan da shirin ya ƙunsa. Amma duk wannan sai da takarda: rajistar RAVIP, lambar shaida daga hukumar ANIP, sunan mutum a jerin ofishin jin daɗin jama'a na gunduma. Tsohuwar da aka haifa a zango, ta yi jikoki a zango, ba ta taɓa mallakar takardar haihuwa ba, ta ina za ta shiga? Saurayi ɗaya mai jin Faransanci, wanda zai ba da yini biyu yana bin ofisoshi da ita, ya yi gudummawar da ta fi buhun shinkafa. Ba na cewa shirye-shiryen nan sun wadatar. Ciwon da ke daɗewa, irin su wankin ƙoda da kansa da shanyewar jiki, har yanzu mafi yawan nauyinsa a wuyan iyali yake. Shi ya sa bai kamata kuɗin jama'a ya tafi a kan abin da dama kyauta ne ba.

Sai batun kunya, wanda shi ne ya fi wuya. Magidanci ya gwammace ya sayar da fili da a ambaci sunansa bayan sallar Juma'a. Rufin asiri dukiya ce a wurinmu, kuma bai dace a ce sai mutum ya zubar da ita kafin a taimake shi ba. Saboda haka ba mara lafiya ne ya kamata ya buɗe baki ba. Aminin da ya lura kwana uku bai ga maƙwabcinsa a sahu ba, shi zai shiga gidan, ya keɓe da babban ɗa ko ƙanen mai gida, ya ce masa, "Ɗana, faɗa mini gaskiya, me likita ya ce, nawa kuma ya rage a hannunku?" Daga nan sai liman ko mai unguwa. Da yardar iyalin za a yanke ko a yi abin a tsakanin mutum goma, ko a faɗa a masallaci ba tare da suna ba, ko kuwa lamarin ya kai a kai shi gidan rediyo kamar Fraternité FM a Parakou ko Solidarité FM a Djougou. Wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo ita ce a ɗauki hoton mutum yana kwance, ciki a kumbure, a watsa a WhatsApp da lambar MoMo ta tura kuɗi a ƙasa. Kuɗi kan shigo, gaskiya ne. Amma hoton ba ya gogewa, zai warke ya tarar da shi a wayar surukansa, kuma ɓarayi kan ɗauke shi su canza lambar su ci gaba da karɓa da sunansa.

A kan kuɗin kansa, ra'ayina shi ne tarin Juma'a ɗaya, komai yawansa, bai kai ƙaramin abu mai ɗorewa ba. Mutum arba'in su ɗauki alkawarin dala ɗari-ɗari, wato sefa 500, kowane mako. Jaka ashirin ke nan a mako, jaka tamanin a wata, ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma babu wanda ya ji an taɓa masa jari. Matan zango sun riga maza sanin wannan, domin haka adashi ke tafiya, kuma ba sabon abu ba ne a ba mai larura kwasar da ba tata ba ta biya daga baya. Kada kuɗin ya zauna a hannun mutum ɗaya, ko da limami ne, don kare mutuncinsa. Ɗaya ya karɓa, wani ya rubuta: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, a maƙala rasit a shafin. Inda zai yiwu, mai riƙe da asusun ya je kantin magani ya biya da kansa, saboda kuɗi idan ya shiga gidan da ake yunwa da bashi, ba laifin kowa ba ne idan ya bi wata hanya. Mutanen Benin ba su manta da ICC Services ba, kamfanin da ya rushe a 2010 da biliyoyin sefa na talakawa. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce a kawo kuɗi a tara, ana kallonsa sau biyu. Littafin da kowa zai iya buɗewa ne maganin wannan zargi. Attajiran da ke jiran azumi su raba zakka dala-dala a ƙofar gida kuma su tuna cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukuni takwas na masu cin zakka da Suratut Tauba ta lissafa, bashin asibiti kuwa ba ya jiran watan Ramadan.

Akwai gudummawar da ba a saye da kuɗi. Da damina ta sauka, zazzabi kan shanye jinin yara, masu sikila da masu haihuwa su ma suna buƙata, ma'ajiyar jini ta yi ƙasa. A asibitin jami'a na Parakou ko asibitin Ordre de Malte na Djougou, wanda ke aiki tun 1974, ledar jini ɗaya kan raba yaro da mutuwa. Baligi mai lafiya da ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, ƙasa da rabin lita ake ɗiba, jiki kuma ya mayar da abinsa. Samarin da ke tururuwar haƙa kabari su ne dai ke noƙewa idan aka ce jini, wai zai rage musu ƙarfi. Ƙungiyar matasan kowace unguwa ta san rukunin jinin 'ya'yanta, ta riƙe lambobinsu, tun kafin a buga waya da tsakar dare.

Dubiya ibada ce, amma yadda muke yinta wani lokaci ƙarin ciwo ce. Mutum goma sha biyar a kan gado ɗaya, kowa da maganin da ya warkar da wani ƙanen kakarsa. Wannan ya ce iska ce, a fitar da shi a kai shi ƙauye. Wancan ya zaro ƙwayoyi daga aljihu, irin na tebur da hukuma ta kwashe tan-tan a Adjégounlè cikin kasuwar Dantokpa a 2017. Addu'a da tofi ba su hana allura ba, a yi su a bakin gadon. Amma wanda bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'a, ba bayan an gwada hayaƙi kwana uku ba. Mai son ya nuna zumunci ya tambayi mai jinya abin da take so. Sau da yawa ba kuɗi za ta ce ba. Wata ta karɓe ta kwana ɗaya ta je gida ta yi wanka ta ga 'ya'yanta. Gidaje bakwai su raba kwanakin mako, kowanne da ranar da zai aika da kunu da tuwo. Mai zem ɗaya ya ɗauki nauyin kai yara makaranta.

Ranar sallama ce jama'a ke watsewa, a ce Allah ya ƙara sauƙi, alhali a lokacin ne doguwar tafiyar ta fara. Mai shanyewar jiki yana buƙatar gashi da motsa gaɓoɓi na watanni, maganin hawan jini kuma har iyakar rai, idan ya bari ciwon na iya dawowa fiye da na farko. Idan aka tura shi Kwatano ganin ƙwararru, tafiyar sama da kilomita 400 ce daga Parakou, daga Djougou ma haka, ga masauki ga abinci, a nan ne 'yan'uwa na Zangon Kwatano ke da rawar takawa. Direban da ƙafarsa ta mutu ba zai sake hawa tirela ba. Masu riƙe da asusun su zauna da iyalin tun kafin kuɗin ya ƙare, a ware na maganin wata-wata, sauran a mayar da shi jari: a fanso keken ɗinkin da aka sayar, ko a kafa masa teburin goro da katin waya a ƙofar gida inda zai iya zama, a kuma biya wa yaron da ya hau zem kuɗin makaranta kafin a koma aji a watan Satumba.