Sayen MP3 Sai da Idon Mai Sayen Jaki

Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar dabbobi irin ta Maigatari ya san ba a sayen jaki don kyan gashinsa. Dillali zai yi ta shafa masa baya yana kuranta shi, amma mai saye sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, sannan ya ce a kora shi ya ga tafiyarsa. To 'yar na'urar nan ta sauraren waƙa da karatu, wadda muke kira MP3, ita ma jaka ce. Dako take yi, sai dai kayan nata murya ce.

Tambayar farko ke nan, kaya nawa take ɗauka? A 1979 da kamfanin Sony ya fito da Walkman, kaset ɗaya ake aza mata, in ya ƙare a juya shi. A 2001 Apple ya zo da iPod mai giga 5, yana tutiyar waƙa dubu a aljihu, duniya ta ɗauka. Yau ɗan mimorin da bai wuce farce ba ya ninka wannan sau da yawa. Lissafin ba wuya: minti ɗaya na waƙa yana cin kusan mega ɗaya, giga ɗaya kuwa zai kwashi waƙoƙi wajen 250, in gajeru ne. Mai son Shata, wanda in ya kama waƙa ba ya gaggawar saki, ko mai tara tafsirin azumi, sai ya rage lissafi. Shi ya sa na fi son wadda ke da gurbin saka mimori, don in kaya sun yi yawa mangala kawai za a sake, ba jakar ba.

Amma fa a nan ake cutar mutane. Akwai mimorin jabu da aka rubuta wa giga 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64 ɗin, alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Mangala ce mai huji a gindi. Kana tsaye mai turi yana ta loda maka, kana murna, ashe abin yana tsiyaya. Sai ka koma gida ka ga sunayen waƙoƙi reras, ka danna, shiru. Maganinsa shi ne a cika shi taf a gabanka, ka kunna na farko, na tsakiya da na ƙarshe.

Sai juriya. In ka ga an rubuta awa 30 a kwali, ka san da ƙaramar murya aka gwada, allo a kashe. Ka kunna Bluetooth, ka ƙure sifika, jakar taka ta fara haki tun kafin azahar. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, batir ya fi kwalliyar allo nesa ba kusa ba. Ka duba bakin cajinta ma, ya zama iri ɗaya da na wayarka, don jakin da ba ya cin harawa sai ta wani gari wahala ce ka saya wa kanka.

Akwai kuma mai zaɓen kaya. Kowace tana buɗe MP3, amma saƙon murya na WhatsApp, wanda a tsarin Opus yake zuwa, da yawa daga cikin masu araha tirjewa suke, haka ma FLAC mai nauyi da tsabtar sauti.

Abin da dillali ba ya faɗa shi ne hali. Wata in ka kashe ta a tsakiyar wa'azin awa biyu, gobe sai ta mai da kai bisimilla. Wata kuma ka zuba mata surori 114, ta tashi daga Baƙara ta faɗa Nasi, saboda yadda aka tura take bi, ba yadda aka jera ba. Wannan tutsu ne, kuma ba ka gane shi sai ka hau. Maballan da za ka laluba daga cikin aljihu, ba sai ka ciro ta ba, su ne linzamin da hannu ke so.

Wani zai ce ai waya ma tana yin duk wannan, Apple ma ya daina ƙera iPod tun 2022. Gaskiya ne. Sai dai waya aikinta ya yi yawa: ana tsakiyar karatu kira ya shigo, cajin da ake lallaɓawa ya tafi a sauraro.

Don haka ran da za ka saya, ka tafi da mimorinka mai kayan da ka saba ji, da iyafis ɗinka, ka saka ka saurara, ka kashe ka sake kunnawa. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka yi masa sai an jima ka shiga shago na gaba.