Komawa jami'ar wata jiha: Abin da ɗalibi ke bari a bakin iyaka

A shekarar 1981 wani matashi ɗan shekara 20 ya tattara kayansa daga Kwalejin Occidental da ke birnin Los Anjelis a Jihar Kalifoniya, ya nufi Jami'ar Kolombiya a birnin New York. Ya riga ya yi shekara biyu a makarantar farko, ya ƙarasa sauran biyun a ta biyu, ya fita da digiri a fannin kimiyyar siyasa a 1983. Sunansa Barack Obama, wanda daga baya ya zama Shugaban Amurka.

Irin wannan labari ne ke sa mu ɗalibai mu ɗauka cewa sauya jami'a abu ne mai sauƙi: ka cika fom, ka ɗauki jaka, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Sai dai makarantun Obama biyu duk masu zaman kansu ne, ba ruwansu da jihar da ɗalibi ya fito. Ga wanda zai koma jami'ar gwamnati a jihar da ba tasa ba, akwai abubuwa biyu da ke jiransa a hanya. Na farko kuɗin baƙo, na biyu darussan da ya riga ya ci amma aka ƙi karɓa. A Amurka an auna wannan matsala da alƙaluma, shi ya sa za mu fara daga can kafin mu dawo gida.

Kuɗin ɗan gida da kuɗin baƙo

Manyan jami'o'in gwamnati a Amurka kusan duk na jihohi ne, kuma da harajin mutanen jihar ake tallafa musu. Saboda haka kowace jiha na sassauta wa mazaunanta, ta kuma caji na waje cikakken kuɗi. Ƙungiyar College Board, wadda ke fitar da ƙididdigar kuɗin makaranta duk shekara, ta nuna cewa a shekarar karatu ta 2023/2024 matsakaicin abin da ɗan jiha ke biya a jami'ar gwamnati dala 11,260 ne, shi kuwa ɗan wata jiha dala 29,150. Aji ɗaya, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya, amma wani na biyan fiye da ninki biyu da rabi na abin da na kusa da shi ke biya. Wannan kuwa ban da kuɗin ɗaki da abinci.

Wani zai ce ai sai mutum ya koma jihar ya zama ɗan gari. Dokokin sun riga sun toshe wannan dabara. Yawancin jihohi na buƙatar mutum ya zauna wata 12 kafin a ɗauke shi mazauni, kuma ya tabbatar da cewa ba karatu kaɗai ya kawo shi ba: ya nuna lasin tuƙi na jihar, rajistar zaɓe, takardar haya da shaidar biyan haraji. Jami'ar Kalifoniya kwana 366 take ƙidayawa. Idan kuma har yanzu iyaye ne ke ɗauke da nauyin ɗalibi, galibi inda iyayen suke zaune ake dubawa, ko da shi ya shekara yana kwana a cikin makarantar.

Batun ya taɓa kaiwa Kotun Ƙolin Amurka. A 1973, a shari'ar Vlandis da Kline, kotun ta soke wata dokar Jihar Konetikat da ta ce duk wanda ya shigo a matsayin baƙo zai ci gaba da zama baƙo har ya gama karatu. Kotun ta ce dole a ba ɗalibi damar tabbatar da cewa ya zama mazauni na gaskiya. Amma ba ta hana jihohi bambanta kuɗin ba, shi ya sa tsarin yake nan har yau.

Akwai ɗan sassauci a wasu yankuna. Jihohin yammacin ƙasar suna da yarjejeniya mai suna WUE, wadda ta ce ɗalibin da ya fito daga wata jiha ta cikin ƙungiyar ba zai biya fiye da kuɗin ɗan gida da rabinsa ba. Sai dai ba kowace makaranta ko kowane kwas ne ke ciki ba, wasu kuma sun taƙaita yawan guraben.

Darussan da ke zubewa a hanya

Asara ta biyu ba a ganinta sai an isa. Digirin farko a Amurka yakan buƙaci kiredit 120, wato ma'aunin da ake ƙidaya nauyin kowane darasi da shi, kamar yadda muke da kiredit yunit a nan. Idan ɗalibi ya koma wata jami'a, sabuwar makarantar ce ke da ikon cewa wane darasi ta karɓa, wane ta ƙi.

A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka, wato GAO, ya fitar da rahoto kan ɗaliban da aka bi sawunsu daga 2004 zuwa 2009. Kusan kashi 35 cikin 100 sun sauya makaranta, kuma waɗanda suka sauya sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. A matsakaici kiredit 13 ke nan, kusan zangon karatu guda. An biya kuɗin darussan, an kwana ana karatu, an ci jarrabawa, amma aka ce a sake.

Dalilan a bayyane suke. Wani darasin ba shi da takwara a sabuwar makarantar. Wani an karɓe shi, amma a matsayin darasin zaɓi, bai shiga cikin na dole da ake buƙata a sashen ba. Jami'o'i da dama ba sa karɓar darasin da aka samu ƙasa da sakamakon C. Sannan kusan kowace jami'a na da adadin kiredit da dole a yi a cikinta kafin ta ba da digirinta.

A nan ne iyakar jiha ke nuna ƙarfinta. A cikin jiha ɗaya akan shimfiɗa hanya. Fulorida ta ba darussan makarantunta na gwamnati lambobi iri ɗaya, kuma wanda ya gama kwalejin shekara biyu a jihar da takardar da ta dace yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'inta. A Kalifoniya rassa shida na jami'ar jihar na ba ɗaliban kwalejojin jihar tabbacin gurbi idan sun cika sharuɗɗa. Duk waɗannan alkawura a bakin iyaka suke tsayawa. Da ka tsallaka, darasi-darasi za a bi takardarka.

Ga 'yan uwanmu da ke karatu a can da bizar ɗalibi, lissafin ya fi tsauri. Galibi ba a ɗaukarsu mazauna jiha komai daɗewarsu, don haka kuɗin baƙo suke biya tun daga farko. Idan za su sauya makaranta kuma, sai tsohuwar ta miƙa bayanansu na rajistar SEVIS ga sabuwar, a ba su sabuwar takardar I-20, in ba haka ba izinin zamansu na iya shiga matsala.

To mu fa a gida?

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jami'o'in jihohi da dama a Najeriya na fitar da jadawalin kuɗin rajista kashi biyu, na 'yan asalin jiha da na waɗanda ba 'yan jiha ba. Hujjar iri ɗaya ce da ta Amurka, wato kuɗin jihar ne ke riƙe da makarantar. Amma akwai bambanci babba. A can zama ake dubawa, kuma baƙo na iya zama ɗan gari. A nan asali ake dubawa, ta hanyar takardar shaida daga ƙaramar hukuma. Wanda aka haifa a gari, ya yi firamare da sakandare a nan, iyayensa na biyan haraji a nan, yana iya samun kansa a layin baƙi saboda kakansa daga wata jiha ya zo. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda wurin da mutum ya fito, amma a tagar biyan kuɗi takardar ƙaramar hukuma ake tambaya.

A jami'o'in tarayya ba a raba kuɗi ta wannan hanya, sai dai jiha na tasiri wajen rabon guraben shiga: kashi 45 cikin 100 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka baro baya a ilmi.

Dalilan da ke tayar da mu ma ba wasa ba ne. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, ya sa da yawa daga cikinmu suka fara leƙen jami'o'in da ba su rufe ba. Akwai waɗanda rashin tsaro a hanya ya sa iyayensu suka ce su dawo kusa da gida. Akwai 'yan uwanmu mata da aure ya kai su wata jiha suna tsakiyar karatu. Akwai kuma ɗaliban da yaƙin Sudan, wanda ya ɓarke a Afrilun 2023, ya koro gida, har Hukumar JAMB ta fitar da tsarin shigar da su jami'o'in ƙasar nan. Su ne suka fi kowa sanin darajar takardar sakamakon darussa, wato tiranskirif, domin ita ake fara nema, kuma makarantun da za su bayar suna cikin wuta.

Tsarin sauya jami'a a nan yana da nasa ƙofofi. Sai tsohuwar makaranta ta sake ka, ta aika sakamakonka kai-tsaye. Sai sashen da kake so ya ce akwai gurbi, majalisar jami'a ta amince. Kowace jami'a na da mafi ƙarancin CGPA da take karɓa. Ba a shigar da mutum ajin ƙarshe, kuma sau da yawa aji biyu ake mayar da shi, ko da ya kai aji uku a inda ya baro. A fannin likitanci da shari'a ƙofar ta fi ƙunci, saboda hukumomin sana'ar sun ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Sabon tsarin manhaja na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya sa kashi 70 cikin 100 na darussa sun zama na bai-ɗaya, kowace jami'a na tsara sauran 30. Wannan na iya rage saɓani, amma bai ƙwace wa jami'a ikon karɓa ko ƙi ba.

Sannan ga JAMB. Idan sauyin bai shiga rajistarta ba, sunan ɗalibi zai ci gaba da zama a tsohuwar makaranta, kuma matsalar ba za ta fito ba sai lokacin tafiya hidimar ƙasa. Shekarar da aka rasa ita ma tana da farashi: wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa NYSC ke ba shi, kuma kamfanoni da yawa na sa iyakar shekaru a tallan aikinsu.

Kafin a ɗaga ƙafa

Ba muna cewa kada kowa ya motsa ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wanda kwas ɗin da yake so babu shi a jiharsu, ko rayuwarsa ke cikin haɗari, yana da cikakken dalili. Abin da muke cewa shi ne a yi lissafin tun ana tsohuwar makaranta.

Da farko a je sashen da ake son komawa da jerin darussan da aka yi da bayanin abin da kowanne ya ƙunsa, a tambayi ajin da za a shiga da darussan da za a maimaita. A nemi amsar a rubuce. Maganar baki ta wani jami'i ba ta tsayawa gaban majalisar jami'a.

Na biyu, a lissafa kuɗin har zuwa ranar kammalawa, da ƙarin shekarar da za a iya yi, da ɗaki, da kuɗin mota zuwa gida lokacin hutu. A tambaya ko tallafin da ake samu daga jiha, ko lamunin NELFUND, zai bi mutum zuwa sabuwar makarantar.

Na uku, kada a janye daga tsohuwar makaranta, kada a daina shiga aji, sai takardar karɓa ta shigo hannu. Wanda ya saki reshe ya kama ganye shi ne wanda ya bar rajista ta wuce shi a nan, can kuma aka ce babu gurbi.

Na huɗu, a biya duk bashin da makaranta ke bi, domin ba a sakin tiranskirif ga mai bashi. A kuma riƙa adana kwafin sakamakon kowane zango tun daga aji ɗaya.

Na ƙarshe, a tambayi kai abin da ake gudu. Idan matsalar kwas ce, wataƙila sauya sashe a cikin jami'a ɗaya ya wadatar. Idan sakamako ne ya yi ƙasa, zai bi mutum a cikin ambulan ɗin da za a aika. Idan kuwa an auna komai aka ga tafiyar ta fi zaman, to a tafi da takardu cikakku, a kuma tabbatar sunan ya koma sabuwar makaranta a rajistar JAMB kafin zangon farko ya ƙare.